Madagaska: Daga Larduna Shida Zuwa Yankuna

A shekarar 2002 na fara sanin sunayen lardunan Madagaska, a bakin rediyo kuwa na san su. Kullum da dare sai mu ji an datse hanya, an karya gada, mai ya yanke a Antananarivo, babban birnin ƙasar. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai: ƙasar da teku ya kewaye, mutanenta kuma harshe ɗaya suke yi, me zai sa ta nemi tsagewa? Sai daga baya, da na zauna na duba taswira, na ga inda gizo ke saƙar.

Faransa ta mayar da tsibirin mallakarta a 1896, shekara guda bayan nan ta tumɓuke Sarauniya Ranavalona ta Uku, ta ƙabilar Merina, mazauna tsaunukan tsakiyar ƙasar. Tun daga lokacin Turawa suka riƙa hura wutar bambanci tsakanin mutanen tudu da mutanen gaɓar teku. A 1946 suka raba ƙasar zuwa larduna biyar, kafin zaɓen 1957 aka ƙara na shida a can arewa. Su ne waɗanda aka sani yau da Antananarivo, Toamasina, Fianarantsoa, Mahajanga, Toliara da Antsiranana. Masana tarihi da yawa na ganin an yi rabon ne don karya lagon masu neman 'yanci. Duk da haka, da ƙasar ta samu mulkin kai ranar 26 ga Yuni 1960, haka ta gaji iyakokin ba ta taɓa su ba.

Ga abin lura a nan. Cikin lardunan shida, na Antananarivo ne kaɗai ba ya taɓa teku. Fetur da yawancin hajar da birnin ke buƙata ta tashar jiragen ruwa ta Toamasina suke shigowa. Wanda ya riƙe wannan hanya ya riƙe maƙogwaron gwamnati.

A 1998 Shugaba Didier Ratsiraka, ɗan gaɓar gabas, ya gyara tsarin mulki, larduna suka samu ikon cin gashin kai, kowanne da gwamnansa da majalisarsa. Ba a daɗe ba aka ga sakamakon. Zaɓen Disamba 2001 ya zo da gardama, magajin garin Antananarivo, Marc Ravalomanana, ya ayyana kansa shugaba a Fabrairu 2002. Ratsiraka ya koma Toamasina, gwamnonin da ke bayansa suka toshe hanyoyi, wasunsu ma suka yi shelar ɓallewa. Talaka ya ji jiki na tsawon watanni, har Ratsiraka ya bar ƙasar a watan Yuli.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2004 Ravalomanana ya kafa yankuna 22, ƙanana waɗanda babu mai ƙarfin ja da gwamnatin tsakiya a cikinsu, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 2007 ta soke lardunan. Bayan an kawar da shi a 2009, tsarin mulkin 2010 ya sake ambaton larduna, amma har yau yankuna ne ke riƙe da aiki. A 2021 suka zama 23, da aka raba Vatovavy da Fitovinany.

Ni dai ban ga laifin raba ikon ba, don manomin Toliara yana da haƙƙin a ji kukansa kusa da gida. Abin da nake tambaya duk lokacin da na ji ana kiran a ƙirƙiro sabuwar jiha ko gunduma shi ne: wa ya ja layin, kuma me yake tsoro? A Madagaska Faransa ta ja nata don tsoron masu neman 'yanci, Ravalomanana ya goge shi don tsoron gwamnoni. Talakan da ya kwana a layin mai a 2002 kuwa, tsoronsa bai taɓa hawa taswira ba.