Taimako Ba Da Hannu Ba: Maja Matarić da Asalin Wani Fanni

Mu da Allah ya nufe mu da hidimar ilimin mutum-mutumi, idan muka zauna muna bin silsilar malamanmu kamar yadda almajiran hadisi kan bi isnadi, ba mu cika yin nisa ba sai mun iske sunan Farfesa Maja Matarić, haifaffiyar birnin Belgrade, wadda ta yi ƙaura zuwa Amurka tana budurwa, ta sauke karatun farko a Jami'ar Kansas a 1987, sa'an nan ta ɗauki karatu gaban Rodney Brooks a MIT har ta sami ijazar dakta a 1994. A wancan zamani himmar ma'abota fannin ta tattara ne ga motsi, wato yadda na'ura za ta zaga ɗaki ba ta yi karo da bango ba. Ita ma da haka ta fara, da wani mutum-mutumi mai suna Toto, daga baya kuma da garken ƙananan na'urori ashirin da ta koya wa bin juna, da taruwa, da watsewa.

Bayan ta koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1997 ne nazarinta ya juya daga mu'amalar na'ura da 'yar uwarta zuwa mu'amalarta da ɗan Adam. Ra'ayin da ya rinjaya a lokacin shi ne, na'urar da za ta taimaki maras lafiya lalle ta kama shi, kamar MIT-Manus da ke riƙe hannun wanda ɓarin jikinsa ya shanye tana motsa shi. Amma ita da abokan aikinta suka lura cewa irin wannan majinyaci, da yake yana bukatar sa'o'i na atisaye kullum alhali likitan gashin ƙashi ba shi da lokacinsa sai kaɗan, da zarar ya koma gida sai ya dogara ga lafiyayyen hannu har raunannen ya manta aiki. Ashe abin da ya rasa shi ne abokin zama da zai sa masa ido, ya tunatar da shi, ya yaba masa idan ya ƙoƙarta.

A 2005, a wani taron masana a Chicago, ita da almajirinta David Feil-Seifer suka gabatar da maƙalar da ta raɗa wa fannin suna, ta kuma yi masa ta'arifi: na'urar da ke taimako ta hanyar magana, da ishara, da kallo, ba ta hanyar taɓa jiki ba. Adalci ya wajabta a ce ba su ne farkon masu tunanin ba, domin Cynthia Breazeal ta riga ta ƙera Kismet mai nuna yanayin fuska, Takanori Shibata na Japan ya yi Paro don ɗebe wa tsofaffi kewa, Kerstin Dautenhahn kuma tana aiki da yara masu lalurar galahanga a Ingila. Sai dai sunan nan ne ya tara mu inuwa guda, har muka san iyakar gonarmu. Shekara ta zagayo, a 2006, aka buɗe taron farko na mu'amalar mutum da mutum-mutumi a Salt Lake City.

Da'awa kuwa ba ta tsayuwa sai da hujja. Da na'urarsu Bandit, ita da almajiranta suka nuna cewa tsofaffi sun fi son motsa jiki tare da mutum-mutumi mai gangar jiki bisa ga hotonsa a allon kwamfuta. Tare da Adriana Tapus suka gwada daidaita halin na'ura da na majinyaci, mai kawaici a lallashe shi, mai surutu a zaburar da shi. A wani rahoto na 2020 kuma Kiwi, mutum-mutumi mai siffar tsuntsu, ya yi wata guda a gidajen yara 17 masu galahanga yana wasan lissafi da su. Littafin Matarić The Robotics Primer na 2007 ya zama ƙofar shiga ga masu farawa, a 2011 kuma Shugaba Obama ya karrama ta saboda tarbiyyar ɗalibai, waɗanda da yawansu yanzu malamai ne masu nasu almajiran.

Duk da haka, amanar ilimi ta hana mu ɓoye rauninmu: gwaje-gwajenmu na mutane kaɗan ne, sha'awar sabon abu takan dushe, kuma da kamfanin Embodied, wanda tana cikin waɗanda suka kafa shi a 2016, ya durƙushe a ƙarshen 2024, iyaye suka shiga neman yadda za su shaida wa 'ya'yansu cewa abokinsu Moxie, mutum-mutumin kamfanin, zai yi shiru. Wannan ya ƙara tabbatar da ƙa'idar da ta ɗora mu a kai tun farko: aikin na'ura ta sa mutum ya yi aikinsa da kansa, ta kuma mayar da shi ga mutane. Wadda ta maye gurbin uwa, ko malami, ko mai jinya, ta saɓa manufar da aka ƙera ta dominta, komai gwanintarta.