Alƙalawa, Sabon Birni da Isa: Tarihin Biranen Gobir

Alƙalawa, Sabon Birni da Isa garuruwa ne uku da ke gabashin Jihar Sakkwato, a kwarin Gulbin Rima, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Na farko kufai ne yanzu, sauran biyun kuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi ne. Tarihinsu a sarƙe yake, domin faɗuwar Alƙalawa a 1808 ce ta haifar da matsayin da Sabon Birni da Isa suka samu daga baya.

Gobir tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita ce ta fi kusa da hamada. Labarin baka na Gobirawa ya nuna daga Azbin suka gangaro kudu, suna kafa birni suna tashi. Sun zauna a Birnin Lalle, wanda yau yake cikin Nijar, kafin su matso ƙasar Zamfara. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a bakin gulbi, a filin da ake cewa na Alƙalin Zamfara ne, kuma a shekarun 1760 ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Baƙo ya zama mai gida. Abin da ya jawo Gobirawa nan shi ne ruwa da fadama. Biranen Gobir a shimfiɗe suke, tsaronsu ganuwar ƙasa ce da gwalalo da mahaya dawaki.

Alƙalawa ta kai ganiyarta a zamanin Bawa Jan Gwarzo, ɗan Babari. Shi ne ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, wajen 1788, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Magadansa ba su bi wannan hanya ba. Nafata ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza rawani, mata lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa abin ya kai ga hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, sannan gwabzawar Tafkin Kwatto a watan Yuni. A ƙarshen wannan shekara, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Azbinawa suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna, mahaddata Alƙur'ani da dama suka kwanta dama. Sai a watan Oktoba 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta shiga birnin, aka kashe Yunfa.

Birni ya faɗi, amma Gobirawa ba su ajiye makami ba. Sun yi kusan shekara talatin suna kai da kawo, har ranar Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya karya haɗin guiwarsu da Katsinawan Maraɗi, Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Waɗanda suka tsira suka bi Sarkin Gobir Mayaƙi, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga gidan sarautar Tsibiri ne Ɗan Halima ya ɓalle bayan saɓani, ya dawo kwarin Rima kusa da kufan kakanninsa, ya kafa Sabon Birni wajen shekarun 1860 da yardar Sakkwato. Wannan yarda ba ta hana garin zama ƙaya a ƙafar Sakkwato ba a wasu shekarun da suka biyo.

Isa tata hanyar daban ce. Gari ne na ribaɗi, irin waɗanda Sakkwato ta ƙarfafa don tsare iyakarta, kuma gidan sarautarsa daga zuriyar Muhammadu Bello yake. Duk da haka laƙabin sarkin shi ne Sarkin Gobir. Haka sarauta ɗaya ta rarrabu: akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai a Sabon Birni, akwai a Isa, akwai a Gwadabawa, biyu daga jikokin waɗanda aka ci, biyu daga jikokin waɗanda suka ci. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ƙara raba dangi, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, sauran suka zauna ƙarƙashin Ingila. A ƙarni na 20 abin da ya fi ɗaga sunan Isa a ƙasar Hausa shi ne kiɗa: Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda har yau ake nazarin Bakandamiyarsa a jami'o'i.

Mai ziyarar Alƙalawa kada ya sa ran ganin soraye ko tsohon masallaci a tsaye. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, in aka daina kula da shi damina kaɗan ta ishe shi. Abin da ya rage shi ne tuddan ganuwa da kushewun sarakuna, waɗanda Gobirawa daga ɓangarorin iyaka biyu suke girmamawa. Sauran tarihin a jikin mutane yake: tsagar Gobirawa a kumatu, sarautar Inna a Tsibiri da Sabon Birni, da wasan barkwanci tsakanin Bagobiri da Bayarabe.

Kaiwa ga waɗannan wurare ya yi wuya a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. A watan Mayu 2020 an kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Sabon Birni, a watan Agusta 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa da ke yankin Sabon Birni, Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Duk mai niyyar ziyara ya fara tuntuɓar fada da mutanen gari game da halin hanya kafin ya tashi.