Ƙananan Kamfanonin Giya na Amurka da Kayan Tallar da Suka Bari

Masu nazarin tarihi sun saba dogara ga kundaye da takardun hukuma. Amma akwai sana'o'in da suka mutu ba su bar kundi ba, sai tarkacen talla kawai. Ƙananan kamfanonin giya na Amurka misali ne mai kyau. Ba ita giyar ce ta dame mu a nan ba, abin da ya dame mu shi ne yadda gwangwani da tiren ƙarfe suka zama madogarar tarihi.

A shekarar 1873 akwai masana'antun giya 4,131 a Amurka, galibinsu ƙanana, da yawa kuma mallakar baƙi Jamusawa ne. Yawansu ya riga ya ragu ƙwarai kafin dokar hana giya ta fara aiki a 1920. Da aka sassauta dokar a 1933 sai masu jari suka yi rububi, har adadin ya haura 700 a 1934. Da yawansu ba su daɗe ba, domin manyan kamfanoni irin su Anheuser-Busch da Schlitz suna kai kayansu ko'ina ta jirgin ƙasa, suna kuma da kuɗin talla a rediyo, daga baya a talabijin. Zuwa 1978 masana'antun da suka rage ba su kai 100 ba.

Gwangwani ya taka rawa a wannan gwagwarmaya. Kamfanin Krueger ne ya fara sayar da giyar gwangwani a birnin Richmond a Janairun 1935. Ƙananan kamfanoni ba su da halin sayen sabon inji, sai suka rungumi wani gwangwani mai wuya kamar mazurari, wanda injin cika kwalba yake iya rufewa da marfi. Watau ita kanta siffar gwangwanin tana iya nuna ƙarfin aljihun mai shi. Har ila yau, doka ta tilasta rubuta cewa an biya harajin gwamnati a jikin kaya har zuwa 1950, saboda haka wannan rubutu yana taimakawa wajen ƙiyasta shekarun abin.

A wurin masu tara waɗannan kaya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a St. Louis a 1970, gajartar ran kamfani ita ce darajarsa, tun da kayansa kaɗan ne suka tsira. Wasu ma daga tsofaffin juji ake tono su. Akasin haka shi ne Billy Beer, wadda aka fito da ita a 1977 da sunan ƙanen Shugaba Jimmy Carter. Shekara guda ta yi a kasuwa, amma mutane suka yi ta ɓoye gwangwanayenta da fatan za su yi tsada, har suka yi yawan da ya kashe musu daraja.

Sai dai a ganina mai nazari ya yi hattara da tire da kalanda. Hoton makekiyar masana'anta mai hayaƙi da ake zanawa a kansu burin mai kamfani yake nunawa, ba lalle ne ya zama girman ginin da ke ƙasa ba.