Sikanin Gudanar Jini na Dofla da Bambance Ƙullin Sankara da Mara Illa a Mama

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da aka wallafa tun daga 1990 kan auna gudanar jini a ƙullin mama da sikanin Dofla. Ta nuna cewa tsarin jijiyoyin jini ya fi yawansu muhimmanci, kuma rashin ganin jini a ƙulli ba ya wanke shi daga zargi.

Gabatarwa

A 2020 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, 685,000 suka rasu. A Nijeriya ita ce kan gaba a cikin sankarar da ke kama mata, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Duk da haka, galibin ƙullin da mace kan shafa ta ji ba sankara ba ne. Aikin likitan hoto shi ne ya ware wanda za a tsira wa allura a ɗebo tsoka daga wanda za a bari a sa wa ido. Mamogiram ba ta gani sosai a maman mai ƙuruciya saboda kaurin tsoka, ga ta kuma da ƙaranci a asibitocinmu, alhali na'urar sikanin tana kusan ko'ina.

Tushen hanyar

Christian Doppler, ɗan Ostiriya, ya bayyana a 1842 cewa amon da ya fito daga abu mai motsi yana sauyawa. Na'ura tana aika sauti, ya bugi ƙwayoyin jini masu gudu, ya dawo a sauye, sai ta zana shi da ja ko shuɗi. Ɓangaren ilimin cuta kuwa daga Judah Folkman ya zo, wanda ya nuna a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyi. Waɗannan jijiyoyi a karkace suke, bangonsu ba tsoka, reshensu ba tsari.

Abin da bincike ya nuna

Adler da abokan aikinta sun tsara mizani a 1990, daga sifili, wato babu jini, zuwa uku, wato jini mai yawa. A 1993 Cosgrove a Landan ya ga alamar jini a kusan dukkan ƙullin sankarar da ya duba, kaɗan ne kawai a marasa illa. An yi murna da wannan sakamako, amma da na'urori suka ƙara kaifin gani, sai jini ya riƙa bayyana a ƙulli marasa illa ma. Faibro'adenomar budurwa, ƙurjin nono mai mugunya, da maman mai shayarwa duk suna cika da launi. A yankinmu, inda mace kan daɗe tana shayarwa, wannan ruɗani ba ƙarami ba ne.

Nan ne hankali ya koma kan tsari. Raza da Baum sun nuna a 1997 cewa jijiyar da ta kutsa tsakiyar ƙulli ta rarrabu babu tsari ta fi nuna sankara, wadda ta zagaye gefensa a hankali kuma ta fi nuna lafiya. A ganin wannan maƙala, wannan ce alama mafi amfani ga mai aiki a ɗakin hoto.

Akwai kuma ma'aunin turjiya, wanda ake samu ta cire gudun jini lokacin hutawar zuciya daga gudunsa lokacin bugu, a raba da na bugun. Sankara kan ba da adadi sama da 0.7, amma adadin nata da na marasa illa suna shiga juna ƙwarai. Abin da ya fi ƙarfi shi ne wanda del Cura ya ruwaito a 2005: idan gudu ya ɗauke ko ya juya baya lokacin hutawar zuciya, zargi ya yi nauyi.

Hannun ma'aikaci shi ma yana da tasiri. Ɗan danna kan na'ura kaɗan ya isa ya toshe ƙananan jijiyoyi, ƙullin sankara ya fito kamar ba jini. Haka ma idan an saita ta don gudu mai sauri.

Kammalawa

Tsarin BI-RADS na Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka, a bugun 2013, ya ajiye gudanar jini cikin alamomin taimako, a bayan siffar ƙulli da gefensa da tsayuwarsa. Nan ne muhallinta. Ƙulli mai gefe kamar ƙaya, wanda tsayinsa ya fi faɗinsa, a ɗebo tsokarsa ko da Dofla ba ta nuna jini ko ɗigo ba. Ana kira ga asibitocin koyarwa na Arewa da su gudanar da bincike mai haɗa hoton Dofla da sakamakon gwajin tsoka a kan matanmu, musamman masu shayarwa.