Ƙwaƙwalwar Matashi da Haɗarin Shaye-shaye Idan Uwa ko Uba na Sha

Idan a gidanku akwai uba ko uwa mai shan ƙwaya, giya, wiwi ko kodin, kuma akwai yara masu tasowa, wataƙila ka taɓa jin ana cewa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A likitance maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin waɗannan yara sun fi sauran shiga haɗari. Sai dai haɗari daban, tabbas daban: da yawa daga cikinsu suna girma lafiya ba tare da sun kamu ba. Wannan bayani zai nuna maka daga ina haɗarin yake fitowa, da abin da za ka iya yi a kai.

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Wiwi ce kan gaba, sai magungunan kashe zafi irin su tiramol, sannan maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin waɗannan mutane magidanta ne da matan aure masu 'ya'ya.

Yadda ƙwaƙwalwar matashi take girma

Jikin yaro yana iya kai girman na babba tun yana shekara 16, amma ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Kuma sassanta ba sa nuna a lokaci ɗaya.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai sashen jin daɗi da sha'awa. Shi ne yake aiki da sinadarin dofamin duk lokacin da mutum ya ci abinci mai daɗi, ko aka yabe shi, ko ya yi nasara a wasa. Wannan sashe yana ƙarfi da wuri, tun farkon balaga.

A bayan goshi kuma akwai sashen da ke auna abu kafin a yi shi, ya hango abin da zai biyo baya, ya ce wa mutum dakata. Shi ne burkin ƙwaƙwalwa, kuma shi ne na ƙarshen nuna.

Saboda wannan tazara ce za ka ga matashi mai hankali, wanda ya san illar ƙwaya sarai, ya karɓa ya sha don kada abokai su kira shi matsoraci. A wannan shekarun kuma ƙwaƙwalwa tana tsefe hanyoyin saƙonta: wadda ake yawan bi ta ƙarfafa ta, wadda aka bari ta yanke ta. Abin da matashi ya saba da shi yanzu yana kafuwa fiye da abin da zai koya yana ɗan shekara 40.

Abin da ƙwaya take yi wa wannan ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin maye suna sa dofamin ya kwararo fiye da yadda abinci ko wasa za su iya. Idan aka maimaita, ƙwaƙwalwa takan rage jin sinadarin don ta kare kanta. Daga nan abubuwan da suka saba faranta wa yaron rai su daina, adadin da yake sha ya daina isarsa, in bai sha ba kuma jiki ya hana shi sakat. Wannan shi ne kamu, kuma ciwo ne da ake magani.

Shekarun da aka fara sha suna da muhimmanci ƙwarai. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa wanda ya fara shan giya kafin shekara 15 ya ninka wanda ya fara bayan shekara 20 kusan sau huɗu wajen yiwuwar kamuwa.

Me ya sa 'ya'yan masu sha suka fi shiga haɗari?

1. Gado. Nazarin tagwaye da na yaran da aka riƙa a wasu gidaje ya nuna cewa gado yana ɗaukar kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na haɗarin kamuwa. Abin da ake gada shi ne yanayin jiki da hali, kamar saurin yanke hukunci, ko jikin da ba ya saurin jin maye har mutum ya riƙa sha da yawa. Wannan gado ba ya kai mutum ga kamu sai an fara sha.

2. Zaman ɗar-ɗar. Yaron da bai san a wane hali mahaifinsa zai shigo gida ba, ko yake kwana yana jin faɗa da duka, jikinsa yana yawan fitar da sinadarin kotizol na fargaba. Idan haka ta daɗe, takan shafi barci, karatu da iya danne fushi. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya gano cewa waɗanda suka haɗu da nau'i huɗu ko fiye na wahalar ƙuruciya, irin su duka, cin zarafi ko zama da mai shaye-shaye, sun ninka sauran kusan sau bakwai wajen kamuwa da giya. Irin wannan yaro sau da yawa sauƙin zuciya yake nema a cikin ƙwaya.

3. Gani da samu. Kwalba tana ƙarƙashin gado, ƙwaya tana cikin aljihun riga, wani lokaci ma yaron ake aika ya sayo. Ga shi kuma babu mai lura da lokacin fitarsa da dawowarsa.

4. Tun daga ciki. Giya da ƙwayoyin da mai juna biyu ta sha suna ratsa mabiyiya su kai ga jariri. Giya musamman tana iya jawo matsalar koyo da ta ɗabi'a har tsawon rayuwa.

Alamomin da za ka lura da su

- Faɗuwa a karatu ko gudun makaranta ba gaira ba dalili
- Sauya abokai da ɓoye su
- Barcin rana mai nauyi da rashin barcin dare
- Jan ido, nauyin baki, tangaɗi ko rama
- Ɓatan kuɗi, kaya ko magani a gida
- Saurin fushi, keɓe kai, ko maganar gajiya da rayuwa

Alama ɗaya ba hujja ba ce, domin ciwon damuwa ma yana kawo wasu daga ciki. Idan sun taru, a ga likita.

Abin da za ka iya yi

Jinkirta farawa. Duk shekarar da yaro ya ƙara bai taɓa sigari, shisha, wiwi ko ƙwaya ba, haɗarinsa yana raguwa.

Samar masa babban da zai jingina da shi. Babba guda ɗaya mai natsuwa, ko kaka ce, ko kawu, goggo ko malami, wanda yake sauraron yaro kuma ba ya saɓa masa alkawari, yana daga cikin manyan abubuwan da ke kare shi.

Faɗa masa gaskiya daidai da shekarunsa. Ya san cewa mahaifinsa ciwo ne yake fama da shi, ba shi ya jawo ba, kuma ba aikinsa ba ne ya warkar da shi. Ya kuma san cewa jikinsa na iya saurin kamuwa fiye da na abokansa, kamar yadda ake gargaɗin wanda ciwon suga ke danginsu.

Kulle magunguna, kuma kada a sake aiken yaro sayen ƙwaya ko sigari.

Tsara masa rana: makaranta, sana'a, wasa, da barcin awa 8 zuwa 10.

Guji gori. Cewa "kai ma haka za ka ƙare" yana tura yaro inda ake gudun ya je.

Idan kai ne mai sha, neman maganinka shi ne babban rigakafin 'ya'yanka. Kada ka daina giya ko ƙwayoyin barci irin su rafanol farat ɗaya idan ka daɗe kana sha, domin hakan na iya kawo jijjiga mai haɗari. Likita ne zai tsara maka yadda za a janye.

Ina za a je?

Ana duba masu wannan matsala a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Ɗaure yaro da mari ko dukansa ba ya warkar da kamu, sai ma ya ƙara masa raunin da ya kai shi ga sha.

A garzaya asibiti nan take idan yaro ya suma, ya yi jijjiga, numfashinsa ya yi ƙasa, an kasa tashinsa daga barci, ko ya yi maganar kashe kansa. Kafin a isa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, kuma a tafi da kwalba ko fakitin abin da ake zaton ya sha don likita ya gani.