Rigima Kan Ɗanɗanon Abin Da Doka Ta Ce Ba Shi Da Ɗanɗano

A watan Janairun 2005, jaridar New York Times ta tara wasu masana abin sha ta jera musu vodka iri 21 a cikin kofuna, babu kwalba, babu suna, babu farashi. Suka sunsuna, suka kurɓa, kowa ya ba da maki. Da aka buɗe sunayen sai ido ya raina fata. Smirnoff, wadda ke cikin masu araha a kowane kanti, ita ta zo ta ɗaya. Grey Goose ta Faransa, wadda kamfanin Bacardi ya saya a kan kimanin dala biliyan 2 a shekarar 2004, ko cikin goman farko ba ta shiga ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a wannan lokacin dokar Amurka ta bayyana vodka a matsayin barasar da ba ta da wani ƙamshi, ɗanɗano ko launi da za a gane ta da shi. To me masanan suke kwatantawa? Yawancinmu ba masu sha ba ne, addini ya yi mana iyaka da wannan. Sai dai amsar tambayar tana ratsa tarihin Rasha da Poland na shekaru ɗari shida, da baitulmalin sarakuna, da rayukan miliyoyin mutane, don haka ta cancanci mu bi ta.

Lokacin da take da ɗanɗano

Kalmar vodka ta fito ne daga "voda", wato ruwa a harsunan Slabawa, ma'anarta kuma "ɗan ruwa". Rubutu mafi tsufa da aka samu kalmar a ciki takardun kotu ne na yankin Sandomierz a Poland, na shekarar 1405, kuma a lokacin magani ake nufi da ita. Dabarar dafa abu a tare tururinsa ya koma ruwa ta shiga Turai ne ta littattafan masanan Larabawa irin su Al-Kindi, waɗanda suka yi amfani da ita wajen haɗa turare. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran barasa da ita, asalinta "al-kuhl" ce ta Larabci, tushe ɗaya da kwallin da iyayenmu mata ke sa wa a ido.

Rashawan da can ba su cika cewa vodka ba, "giyar burodi" suke kiranta, domin daga hatsi ake yin ta, musamman wani ɗan'uwan alkama mai jure sanyi da ake kira rai. A tukunyar tagulla ake dafa ta, kuma irin wannan tukunya ba ta iya raba barasa da sauran sinadaran hatsin gaba ɗaya, saboda haka abin da ke fitowa yana ɗauke da ƙamshin burodi. Akwai ma yadda ake gwada ƙarfinta: a auna ta a kasko, a ɗumama, a cinna mata wuta. Idan wutar ta mutu rabin ruwan ya rage, ta cika ma'auni. Shi ya sa ake kiranta "polugar", wato mai rabin ƙonewa, ƙarfinta kuwa kusan kashi 38 cikin ɗari.

A shekarar 1765, Sarauniya Katarina ta Biyu ta tabbatar wa masu sarauta da manyan gonaki ikon dafa barasa. A gidajensu ne aka yi gasar ɗanɗano ta gaske. Sukan tace ta da madara ko farin ƙwai, su jiƙa mata na'a-na'a, ko barkono, ko 'ya'yan itatuwa, kowane gida da nasa sirrin. A gabashin Poland kuma ana jiƙa mata wata ciyawa da ɓaunar dajin Białowieża ke ci, wadda har yau ake tsoma sili ɗaya nata cikin kwalbar Żubrówka.

Talaka da mashayar sarki

Talaka kuwa ba wannan yake sha ba. Tun zamanin Sarki Ivan na Huɗu, a ƙarni na 16, aka kafa mashaya ta hukuma da ake kira "kabak", ribarta ta sarki ce. Daga baya gwamnati ta koma sayar wa 'yan kasuwa izinin sayar da barasa a yanki guda, su biya kuɗi a dunƙule, su je su fanshe a jikin jama'a. A ƙarni na 19, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar daular Rasha daga nan yake fitowa. 'Yan kwangilar nan sukan sirka barasar da ruwa, sannan su zuba barkono ko taba don ta yi yaji a maƙoshi, mai saye ya zaci ƙarfi ne.

A 1858 zuwa 1859, da farashi ya yi tashin gwauron zabo, manoma a larduna da dama suka yi rantsuwar ƙaurace wa mashaya, wasu wuraren ma suka farfasa su. Gwamnati ta tura sojoji, aka yi wa mutane bulala, aka ɗaure wasu. Mu tsaya mu dubi wannan da kyau: hukuma ce take hukunta talakawanta saboda sun ƙi sha. A 1863 aka soke tsarin kwangilar aka maye gurbinsa da haraji.

Yadda na'ura ta cire ɗanɗanon

Abubuwa biyu suka sauya vodka. Na farko, a 1785 wani masanin haɗa magunguna a birnin Saint Petersburg, Tobias Lowitz, ya gano cewa gawayi yana tsotse ƙazanta da wari daga ruwa, aka soma tace barasa da shi. Na biyu, a 1830 wani ɗan ƙasar Ireland, Aeneas Coffey, ya yi rajistar na'ura mai dogon bututu da ke tace barasa ba tsayawa. Na'urorin da suka biyo bayanta suna kai tsarkin barasa kashi 95 zuwa 96 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar abin da dafawa kaɗai za ta iya. A wannan mataki, ko daga alkama aka fara ko daga dankalin Turawa, abin da ya rage na asalin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Sai a sirka da ruwa zuwa kashi 40.

Daga 1894, ministan kuɗi Sergei Witte ya mayar da sayar da vodka hannun gwamnati ita kaɗai, kuma wannan tsarkakakkiyar barasar ta zama ma'auni. Hujjarsa ita ce kare lafiyar jama'a daga gurɓataccen kaya. Baitulmali ma ya ji daɗi.

A nan ne aka ƙulla wata tatsuniya da mu ɗaliban kimiyya muke saurin yarda da ita: wai Dmitri Mendeleev, wanda ya tsara jadawalin sinadarai a 1869, shi ya gano cewa kashi 40 ne ya fi daɗi a baki. Gaskiya ne ya rubuta kundin digirinsa a 1865 kan haɗuwar barasa da ruwa, amma nauyi da yawan cakudar yake aunawa, bai taɓo ɗanɗanon vodka ba. Lambar 40 daga ofishin haraji ta fito, inda aka ga ta fi 38 da 'yan kai sauƙin lissafi.

Amurka ta sayi rashin ɗanɗano

Pyotr Smirnov ya kafa masana'antarsa a Mosko a shekarun 1860, har ya zama mai kai kaya fadar sarki a 1886. Bayan juyin juya halin 1917, ɗansa Vladimir ya tsere, ya ƙare a Faransa, ya sayar wa wani ɗan gudun hijira, Rudolph Kunett, izinin amfani da sunan a Amurka. Kasuwa ta ƙi, domin Amurkawa wiski suka sani. A 1939 John Martin na kamfanin Heublein ya saye sunan a kan dala 14,000.

Dabarar Martin ita ce ya mayar da naƙasa ta zama ado. Aka riƙa tallata ta a matsayin farar wiski marar ɗanɗano marar wari, wadda za a zuba cikin kowane lemo ta ɓace, a koma ofis ba wanda ya ji ta a numfashi. A farkon shekarun 1940 aka ƙirƙiro haɗin Moscow Mule, vodka da lemon citta da lemon tsami a kofin tagulla. A 1962 James Bond ya sha Smirnoff a fim ɗin Dr. No. A 1972, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kamfanin Pepsi ya ƙulla musaya da Tarayyar Sobiyet: lemonsa ya shiga can, Stolichnaya ta shigo Amurka. Kafin shekarun 1970 su ƙare, vodka ta zama barasa mai ƙarfi da aka fi saye a ƙasar.

Amma idan duka kayan iri ɗaya ne, ta yaya wani zai fi wani tsada? Absolut ta Suwidin, da ta shiga Amurka a 1979, ta amsa da siffar kwalba da zanen Andy Warhol. Sidney Frank, wanda ya ƙirƙiro Grey Goose a 1997, ya fara ne da yanke shawarar cewa za ta fi Absolut tsada nesa ba kusa ba, kuma a Faransa za a yi ta, domin sunan Faransa yana tafiya da alatu.

Abin da harshe ke ji

Duk da haka, ba za mu ce babu bambanci ko kaɗan ba. Masu sana'ar ɗanɗanawa ba sa sanyaya ta, domin sanyi yana danne ƙamshi, kuma sukan ƙara ruwa don zafin barasar ya sauka. Sukan ce ta alkama irin Absolut tana da laushi, ta hatsin rai irin Belvedere tana da ɗan yaji kamar masoro, ta dankali irin Chopin tana da kauri a baki, ta masara irin Tito's tana da ɗan zaƙi. Tushen wannan shi ne burbushin sinadaran da suka tsira daga na'ura, da irin ruwan da aka sirka da shi, wanda shi ne kashi 60 na kwalbar, da kuma ƙari: dokar Amurka ta yarda a zuba sukari har giram 2 a lita ɗaya. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san ƙa'idar irin wannan gwaji: idan mai gwadawa ya san wane ne wane, ra'ayinsa ka auna, ba kayan ba. Gwajin 2005 ya nuna masana suna iya jin bambanci, amma bambancin bai bi layin farashi ba.

Rigimar ta kai har majalisar Tarayyar Turai. Bayan fitowar Cîroc, wadda ake yi da inabi, Poland da Finland da Suwidin da ƙasashen Baltik suka dage cewa abin da aka yi da hatsi ko dankali ne kawai vodka. Birtaniya da wasu ƙasashe suka ƙi. A 2007 aka yi sulhu bisa shawarar ɗan majalisa Horst Schnellhardt na Jamus: a yi da duk amfanin gonar da aka ga dama, amma idan ba hatsi ko dankali ba ne, a rubuta a jikin kwalba. Poland ta kafa tata dokar a 2013, cewa vodkar Poland sai da dankali ko hatsi iri biyar na ƙasar. A 2020, Amurka ma ta goge batun rashin ɗanɗano daga dokarta.

Farashin da ba a rubuta a kwalba

A Rasha, inda aka fi shan ta, ɗanɗano bai taɓa zama babbar magana ba. Sarki Nikolas na Biyu ya hana sayar da ita a 1914 da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi asarar fiye da rubu'in kuɗin shigarsa a lokacin da ya fi bukatarsu. Gwamnatin Sobiyet ta dawo da ita da cikakken ƙarfinta a 1925, Stalin kuma bai ɓoye cewa kuɗin gina masana'antu yake nema ba. A watan Mayun 1985 Mikhail Gorbachev ya taƙaita sayarwa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 7 na yamma, ya rage yawan abin da ake sarrafawa. Mace-mace suka ragu, tsawon rayuwar maza ya ƙaru. Amma mutane suka koma dafa ta gida, sukari ya yi wuya a kantuna, kasafin kuɗi ya yi giɓi, kuma zuwa 1988 aka sassauta.

A 2014 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga binciken da ya bi diddigin Rashawa 151,000. A cikin maza masu shan taba, wanda ke shan ƙasa da kwalbar rabin lita ɗaya a mako yana da haɗarin mutuwa kashi 16 cikin ɗari tsakanin shekara 35 zuwa 54. Wanda ke shan kwalba uku ko fiye, kashi 35. Binciken bai raba su bisa alkama ko dankali ba, ko mai tsada da mai araha, domin ga hanta da zuciya duk sinadari ɗaya ne, wanda ake kira itanol.

Manoman 1859 ba su da na'urar gwaji, ba su da jarida. Sun lissafa abin da mashayar sarki ke karɓa daga aljihunsu da abin da take ba su, suka ga cinikin bai yi musu ba. Duk lokacin da muka ga an ɗaga doguwar kwalba mai walƙiya a fim ko a bidiyon waƙa a wayoyinmu, irin lissafinsu ya kamata mu yi: nawa ne na hatsi da ruwa, nawa ne na talla, kuma wa ke biyan ragowar.