Asali, Launi da Ikon Iyaye a Ƙagaggun Labaran Hausa: Abin da Aka Yaƙa da Abin da Aka Ƙyale

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙagaggun labaran Hausa, daga 1934 zuwa littattafan soyayya na Kano, suka tunkari tambayar wa ya dace da wa a aure. An nazarci littattafai huɗu, aka auna su da hukuncin mazhabar Malikiyya da tsarin matsayi na al'ummar Hausa. An gano cewa marubuta sun yi fito-na-fito da auren dole, amma sun kauce wa zancen asali, har ma sun ƙara wa farar fata daraja.

Gabatarwa

Kafin a sa ranar aure a ƙasar Hausa akwai bincike. Dattawan gidan yarinya kan tura a gano yaron ɗan waye, mece ce sana'ar gidansu, daga ina kakansa ya zo. A maƙalarsa ta 1959 kan matsayi a tsakanin Hausawa, M. G. Smith ya bambanta karda, wato sana'ar da aka gada, da shigege, wadda mutum ya shiga da kansa, ya kuma nuna inda ake ajiye mahauta da maroƙa a ƙasan tsani. Har yau akwai gidajen da za su mayar da kayan na-gani-ina-so idan bincike ya kai ga rumfar fawa ko ga kakan da aka taɓa saya.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan bai tilasta wannan ba. Malikiyya ta ba uba ikon ijbari, wato tilasta aure, a kan 'yarsa budurwa, amma wajen kufu'i, wato dacewar miji da mata, ta tsaya ga addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, ba ta sa nasaba sharaɗi ba kamar wasu mazhabobi. Ke nan da a ce marubuta sun bi hanya mai sauƙi, asali za su fara tuhuma, tunda suna da malamai a bayansu. Akasin haka suka yi.

Bauta da baƙo

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta Zariya ta haifar, labarin bauta ne tun daga farko. An sace Umar yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa, ya tashi malami. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka bautar da ita a arewacin Afirka, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Mai karatu yana tausaya mata ƙwarai. Sai dai tausayin ya ginu ne a kan cewa ɗiya ce da aka zalunta. Waɗanda Makau, mijinta, da abokansa suka kamo a hari ba a ba su suna ba, balle a ji ta bakinsu. Littafin ya koyar da haƙuri da tawakkali, ya bar rabon mutane gida biyu, 'ya'ya da bayi, yadda ya same shi.

So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980, ya fi kowanne kusantar batun asali. Boɗaɗo Bafulatana ce, Yasir Balarabe, dangi kuma suka ƙi auren saboda ba nasu ba ne. Marubuciyar ta tsaya wa yarinyar, kuma wannan jarunta ce a lokacin. Amma a lura da wane baƙo aka zaɓa: Musulmi, fari, daga mutanen da al'umma ke girmamawa tun asali. Katangar da aka tsallaka gajera ce.

Littattafan Kano

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu, abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka kare shi a muhawarar jaridu. A nan iyali ya zama filin daga. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, kakarta ta dage sai attajiri Abdulƙadir, yarinya ta faɗa rijiya. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga Sarkin Noma, ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Waɗannan labarai sun shiga ɗakunan mata, ana karɓar haya ana karantawa a ɓoye, ana sauraro a rediyo. Da ba su taɓa wani abu mai zafi ba, da gwamnatin Kano ba ta kai ga ƙona wasunsu a 2007 ba. A ganina sun cancanci yabon da aka daɗe ana hana su: sun sa yarinya ta san cewa ƙin wanda ba ta so ba fitsara ba ce.

Amma a dubi abin da ya raba masoyan. Kuɗi ne, ko tsufan miji, ko jahilci. Duk waɗannan ana iya gyara su kafin shafi na ƙarshe: talaka ya samu, jahila ta yi ilimi. Asali ba ya gyaruwa, shi ya sa marubuci kan kauce masa, ko ya ɓullo da dabarar da masu karatu suka sani sarai, inda a ƙarshe za a gano yaron da aka raina ɗan babban gida ne da ya ɓata tun yana jariri. Dabarar ba ta ƙaryata dattawan da suka ƙi shi ba. Cewa take yi binciken nasu ne bai kai ba.

Siffar jaruma ita ma ta kusan zama ƙa'ida: fara sol, doguwa, dogon hanci, gashi har gadon baya, sau da yawa a jingina mata jinin Fulani ko Shuwa ko Larabawa. Brian Larkin ya nuna a 1997 yadda finafinan Indiya suka ba waɗannan marubuta hanyar zancen soyayya da ikon iyaye, kuma da wuya a ce fatar taurarin ba ta biyo labarin ba. Baƙar fata kuwa an fi barin ta ga 'yar aiki da muguwar kishiya. Abin yana damuna, domin 'yan matan da suka koyi cewa a'a daga waɗannan shafuka su ne ke tsayawa gaban mai sayar da man bilicin a kasuwa. Yanzu da rubutun ya koma Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda babu mai tacewa kuma masu karatu ke biyan kuɗi kafin a turo musu ci gaba, marubuciya tana jin abin da suke so nan take, kuma jarumar da ake turo musu har yanzu fara ce, saurayinta ɗan sarauta ko ɗan attajiri.